Tsayar da Zagayawar Jini Cikin Sanyi: Nazarin Aikin Gyaran Babbar Jijiya da Halin da Ƙwaƙwalwa Take Shiga

Majinyacin da za mu bi lamarinsa irin wanda cibiyoyin tiyatar zuciya suka saba karɓa ne: namiji ɗan shekara 58, mai nauyin kilo 75, ya daɗe da hawan jini, shan magani kuwa sai ya ga dama. Ciwo mai tsanani ya soke shi a ƙirji farat ɗaya, ya ratsa har gadon baya. Hoton sikan ya nuna bangon ciki na awota, wato babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, ya tsage tun daga inda ta taso, jini ya kutsa tsakanin shimfiɗun bangon yana raba su. Irin wannan tsagewa ba ta jira. Idan ba a yi aiki ba, a sa'o'in farko ana rasa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na masu ita a kowace awa.

Aikin shi ne a yanke ɓangaren da ya lalace a dasa bututun roba. Wahalar tana bakin ɗinkin sama, daidai inda awota ta tanƙwara ta zama abin da ake kira bakan awota. Daga nan jijiyoyi uku suke fita zuwa kai da hannaye. Bangon wurin ya yi rauni, ƙarfen matsewa zai ƙara yaga shi, kuma likita yana buƙatar leƙa cikin bakan ya ga iyakar tsagewar. Ba a leƙa cikin jijiya ana ɗinki alhali injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu lokacin tiyata yana tura mata lita huɗu da rabi na jini kowane minti. Dole a kashe injin. Jini zai tsaya cak a jiki duka, har da ƙwaƙwalwa, na wajen minti ashirin zuwa talatin.

Abin da ƙwaƙwalwa take ci

Ƙwaƙwalwar babban mutum nauyinta wajen kilo ɗaya da giram 400 ne, kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ke nan, amma tana karɓar kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke bugawa, tana cin kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin jiki. A kowane giram 100 nata, mililita 50 na jini ke ratsawa a minti, tana ɗaukar oksijin mililita 3.5 da sukari wajen miligiram 5. Ba ta da ajiya. Jini ya tsaya a zafin jiki na digiri 37, cikin daƙiƙa goma mutum zai fita hayyacinsa, cikin daƙiƙa ashirin layin na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa, wadda ake kira EEG, zai kwanta, a wajen minti biyar kuma ƙwayoyin halittar sun fara mutuwar da ba dawowa.

Cin nan kashi biyu ne, kuma bambancinsu shi ne tushen komai a wannan aiki. Wajen kashi 60 cikin 100 yana tafiya ne ga aikin wuta, wato aika saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya. Sauran kashi 40 na raya ƙwayar kanta ne: famfunan da ke fitar da sodiyam su shigo da fotasiyam, tsare kalsiyam a waje, gyaran bango. Magungunan sa barci irin su furofofol da tiyofental da aisofuluren kashi na farko kaɗai suke taɓawa. Ana ƙara su cin oksijin yana sauka, har layin EEG ya kwanta, daga nan ko an ninka maganin ba abin da zai ƙara sauka, sai dai a gajiyar da zuciya. Sanyi ne yake taɓa kashi biyun duka, domin kowane aikin sinadari a cikin ƙwaya yana raguwa idan zafi ya sauka.

Kowane digiri ɗaya da aka sauke yana rage cin oksijin da kashi 6 zuwa 7 cikin 100. Ɗalibai kan yi kuskure su ninka 7 sau 19 su sami abin da ya haura ɗari, su ɗauka a digiri 18 ƙwaƙwalwa ta daina ci. Ragin daga abin da ya saura ake cire shi kowane mataki, saboda haka ba ya kai wa sifili. McCullough da abokan aikinsa a asibitin Mount Sinai na New York sun auna wannan a jikin manyan majinyata suka wallafa a 1999: duk saukar digiri goma tana raba cin oksijin da wajen 2.3. A digiri 30 ya koma kashi 56 cikin 100 na asali, a 25 kashi 37, a 20 kashi 24, a 15 kashi 16. Idan aka ɗauki minti biyar a matsayin abin da ƙwaƙwalwa ke jurewa a digiri 37, lissafin ya ba da minti 9 a digiri 30, minti 14 a 25, minti 21 a 20, da kusan minti 30 a digiri 15. Garwashi ne aka rufe da toka: bai mutu ba, yana ci a hankali, kuma zai cinye kansa idan aka daɗe.

Rage ci ba shi ne dukan labarin ba. Gwajin da Busto da abokansa suka yi da ɓeraye a Miami a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna saukar digiri biyu zuwa uku kacal tana rage mutuwar ƙwayoyi fiye da yadda lissafin oksijin zai iya bayyanawa. Dalili shi ne sanyi yana hana ɓarkewar gulutamet, sinadarin da ke buɗe wa kalsiyam ƙofa ya shiga ƙwaya ya ɓata ta, yana kuma rage kumburi. Wannan binciken yana da ɗaya fuskar da za mu tarar a ƙarshen aiki: ƙarin digiri ɗaya ko biyu sama da 37 yana yin ɓarna daidai gwargwado.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wilfred Bigelow ya gwada ta a kan karnuka a Toronto ya ba da rahoto a 1950. Ranar 2 ga Satumba 1952, John Lewis a Jami'ar Minnesota ya sanyaya wata yarinya 'yar shekara biyar zuwa digiri 28, ya tsayar da jinin da ke shiga zuciyarta na minti biyar da rabi ya toshe ramin da ke ciki. A 1975 Randall Griepp ya kawo rahoton sauya bakan awota ta wannan hanya daga Stanford.

Shirin likitan sa barci

Ma'aunin zafi biyu ake sakawa tun farko, ɗaya ta hanci zuwa bayan maƙogwaro, ɗaya a mafitsara. Na hanci shi ne wakilin ƙwaƙwalwa, kuma sai ya shiga wajen santimita 10 zuwa 15 a babban mutum. Idan ya tsaya a bakin hanci iskar ɗaki yake aunawa. Na mafitsara yana nuna sauran gangar jiki, yana tafiya a baya, musamman idan fitsari ya yi kaɗan. Ana saka bututun auna hawan jini a wuyan hannu biyu, domin a tsagewar awota hannu ɗaya na iya samun jini ɗayan ya rasa. A goshi ana manna fayafai biyu, dama da hagu, masu auna oksijin ɗin ƙwaƙwalwa ta hanyar haske, a rubuta lambar farko kafin a ba da maganin barci. Sai wayoyin EEG a fatar kai, da na'urar hoton zuciya ta maƙoshi.

Abu biyu ake tambaya game da jini kafin a sanyaya kowa. Na ɗaya, ko yana da sinadaran da ke sa jajayen ƙwayoyin jini su dunƙule a sanyi. Na biyu, sikila. Sanyi da tsayawar jini da ƙarancin oksijin su ne ainihin abubuwan da ke lanƙwasa ƙwayar mai sikila, don haka a wurin majinyaci daga Najeriya ko Nijar ko wata ƙasa ta yankin, sanin ko jininsa AA ne ko AS ko SS ba abin da za a bari sai an tuna ba ne. Mai SS yakan buƙaci a sauya masa jini har himogulobin S, wato nau'in sikila na sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100. Majinyacinmu AA ne.

An ba shi hefarin, maganin hana jini daskarewa, raka'a 300 zuwa 400 a kowane kilo, wato tsakanin 22,500 da 30,000, aka tabbatar lokacin daskarewar jini ya haura daƙiƙa 480. Likitan tiyata ya ɗinka ƙaramin bututu a jijiyar hammata ta dama don shigar da jini. Ya zaɓi hammata maimakon cinya da gangan, kuma nan gaba za a ga amfanin zaɓin. Faɗin jikin majinyacin murabba'in mita 1.9 ne, injin ya kama da lita 2.4 a kowane murabba'i, wajen lita 4.5 a minti.

Sanyayawa

Mai kula da injin yana sauke zafin ruwan da ke zagaya jini, amma ba ya barin bambancin jinin da ke shiga jiki da wanda ke fitowa ya wuce digiri 10. Wajen digiri 28 zuciya kan bar bugawa ta koma karkarwa. A nan ake sa ido sosai, domin tsagewar awota takan lalata murfin bakin zuciya, jini ya riƙa komawa ɗakin hagu ya kumbura shi. Sai a saka bututun zuƙewa nan take.

Me ke faruwa da jinin ƙwaƙwalwa a wannan lokaci? A sanyi matsakaici, jijiyoyinta suna bin buƙatarta. Ci ya ragu, sai su tsuke, kwararar jini ta ragu. Suna kuma riƙe da ikonsu na daidaita kwarara ko hawan jini ya motsa. Amma raguwar biyun ba ɗaya ba ce: ci yana faɗuwa da sauri fiye da kwarara, har jinin da ke fitowa daga kai ta jijiyar wuya ya koma ja wur, cike da oksijin ɗin da ba a taɓa ba. Wasu cibiyoyi da wannan suke gane sanyi ya kai, su jira oksijin ɗin jinin wuya ya haura kashi 95 cikin 100. Idan aka gangara wajen digiri 20, ikon daidaitawa yana ɓacewa. Daga nan abin da injin ya tura da ƙarfin da ya tura shi, shi ƙwaƙwalwa take samu, ba ragi ba ƙari. Binciken Greeley a kan yara a Jami'ar Duke ya nuna haka ƙarara.

Sanyi yana kawo cikas biyu ga isar oksijin. Jini yana yin kauri, wajen kashi 2 cikin 100 a kowane digiri, himogulobin kuma yana ƙanƙame oksijin ba ya son saki. Shi ya sa a da ake tsinka jini sosai da ruwa. An wuce gona da iri. Gwajin da Jonas da abokansa suka yi a kan jarirai a Boston, wanda ya fito a 2003, ya nuna waɗanda aka tsinka wa jini zuwa wajen kashi 21 cikin 100 na jajayen ƙwayoyi sun fi samun koma-baya a gwajin motsin jiki fiye da waɗanda aka bari a wajen kashi 28. A majinyacinmu an riƙe shi tsakanin 25 da 28.

Batun da ya fi rikita masu koyo shi ne iskar kabon-dayoksaid. Iska tana ƙara narkewa a ruwa mai sanyi. Jinin da ke da matsin kabon-dayoksaid 40 a ma'aunin mmHg da pH, wato ma'aunin tsamin jini, 7.40 a digiri 37, idan aka sanyaya shi zuwa 18 ba tare da an ƙara ko an rage komai ba, ainihin matsin zai koma wajen 17, pH kuma wajen 7.68. Na'urar gwajin jini kuwa kullum ɗumama samfurin take yi zuwa 37 kafin ta auna. To wace lamba za a bi?

Hanya ta farko, alfa-stat, ta ce a bi lambar na'ura yadda take, a riƙe 40 da 7.40. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna tsukewa daidai da raguwar ci, ikon daidaitawa yana daɗewa, jinin da ke zuwa kai ba ya wuce buƙata. Hanya ta biyu, pH-stat, ta ce a gyara lambar zuwa ainihin zafin jiki, a zuba kabon-dayoksaid cikin iskar injin har ya zama 40 a digiri 18. A na'ura wannan zai nuna sama da 80. Kabon-dayoksaid shi ne mafi ƙarfin mabuɗin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kowane ɗigo ɗaya na matsinsa yana ƙara kwarara da kashi 2 zuwa 4 cikin 100 a zafin jiki na yau da kullum. Saboda haka jijiyoyi suna buɗewa, jini mai sanyi ya isa lungunan ciki, sanyi ya game ko'ina, himogulobin ma ya ɗan sassauta riƙon oksijin. Illarsa ita ce jinin da ya ƙaru yana ɗauke da duk abin da ke yawo cikinsa: ɓarɓashin kitse daga bangon jijiya, gudan jini, ƙananan kumfa.

Jariri jijiyoyinsa tsaf suke, babban haɗarinsa rashin gamewar sanyi ne, don haka pH-stat ta fi dacewa da shi, kuma gwajin du Plessis a Boston a 1997 ya karkata can. Mai shekara 58 da tsohon hawan jini da awota a tsage, ɓarɓashi ne babban abin tsoronsa. An bi alfa-stat. Akwai cibiyoyin da ke haɗa biyun, pH-stat wajen sanyayawa, alfa-stat wajen ɗumamawa, kuma hujjarsu ba ta da rauni. Abin da ba shi da hujja shi ne likitan sa barci da mai injin kowa ya riƙa bin tasa lambar ba su faɗa wa juna ba.

Yaushe ake kashe injin

Ma'aunin hanci ya kai digiri 18 a minti na 28. Likitan tiyata ya shirya. EEG kuwa bai kwanta ba, yana shiru na 'yan daƙiƙu sai ya yi tsalle. Wannan ba baƙon abu ba ne. Stecker da abokansa a Jami'ar Pennsylvania sun bi majinyata 109 suka wallafa a 2001: a matsakaici layin yana fara shiru da tsalle a wajen digiri 24, yana kwantawa a wajen 18, amma bambancin mutum da mutum yana da yawa. Kashi 60 cikin 100 ne kacal layinsu ya kwanta a digiri 18 ko bayan minti 30 na sanyayawa. Kafin a tabbata kusan kowa ya yi shiru sai an kai digiri 12.5 ko an wuce minti 50.

Ma'anar haka ita ce ma'aunin hanci yana riga cikin ƙwaƙwalwa yin sanyi. Wanda ya kashe injin da ganin lamba 18 zai bar wasu sassa na ciki da ɗumi, suna aiki, suna cin abin da babu mai kawo musu. Wannan na daga cikin manyan dalilan da ke sa a ga raunin ƙwaƙwalwa bayan tsayarwar da ba ta ma yi tsawo ba.

A nan ake jarabtar likitan sa barci ya tura tiyofental ko furofofol mai yawa don layin ya kwanta a ci gaba. Layin zai kwanta, amma magani ne ya kwantar da shi, kashi 40 ɗin nan na raya ƙwaya yana nan da ɗuminsa, kuma an ɓata ma'aunin da ake dogara da shi. Don haka ne ma ake rage iskar sa barci ta injin idan an gangara ƙasa. Buƙatarta tana raguwa da wajen kashi 5 cikin 100 a kowane digiri. An ci gaba da sanyayawa. A minti na 41, hanci yana 16, mafitsara 22, layin ya kwanta, aka ƙara minti biyar a kai. An ƙara maganin sakin tsoka, domin ko ɗan motsin numfashi ba a so. An jera ƙanƙara a kai da ƙyalle tsakaninta da fata, an kare kunnuwa da idanu. Aikinta hana ɗumin ɗaki da fitilun tiyata mayar da zafi, ba ita ce ke sanyaya cikin ƙwaƙwalwa ba. Sukarin jini ya hau 11 a ma'aunin milimol, saboda sanyi yana rage insulin da ƙarfinsa, aka sauke shi ƙasa da 10. Ƙwaƙwalwar da ta shiga rashin jini da sukari mai yawa tana mayar da shi tsami, tsamin kuma ya ƙara ɓarna. An sunkuyar da gadon ta wajen kai don kada iska ta shiga jijiyoyin wuya, aka kashe injin, aka kunna agogo, ana faɗin lokaci da ƙarfi kowane minti biyar.

Inda shirin ya sauya

Da aka buɗe, sai aka tarar tsagewar ta shiga cikin bakan har kusa da jijiya ta uku. Ɗinkin minti 20 ya zama sauya bakan gaba ɗaya, aikin da zai iya cin awa guda. Lissafin sanyi kaɗai ba zai ɗauki wannan ba. Svensson da abokansa a Houston sun duba majinyata 656 a 1993 suka ga shanyewar ɓarin jiki tana ƙaruwa bayan minti 40, mutuwa kuma bayan minti 65. Kafin a kai can ma, daga wajen minti 25 zuwa 30, ana fara ganin ruɗewa da jinkirin farfaɗowa da raunin riƙe abu a ka.

Nan bututun hammata ya yi rana. An matse gindin jijiya ta farko da ke fita daga baka, aka kunna injin a hankali, jini mai sanyi ya bi ta hammata ya hau jijiyar wuya ta dama, gangar jiki kuwa tana nan ba jini. Tura jini zuwa kai ta gaba, wato ta jijiyoyin da suka saba kai shi, ita ce hanyar da Kazui ya yaɗa daga Japan, kuma adadin da aka saba shi ne mililita 10 a kowane kilo a minti, wato 750 ga wannan majinyaci, matsin hannun dama tsakanin 40 da 60. Tunda ikon daidaitawa ya tafi, lambobin nan ba abin wasa ba ne: ƙasa da su yunwa, sama da su kumburi. An fara wannan a minti na 12 na tsayarwa.

Bayan 'yan mintuna lambar goshin dama ta dawo inda take, ta hagu ta ci gaba da sauka har ta faɗi da fiye da kashi 20 cikin 100 daga ta farko. Jinin dama yana isa hagu ne ta zoben jijiyoyin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, da'irar Willis, kuma fiye da rabin mutane zobensu bai cika ba. An fara duba abu mai sauƙi, ko ruwan ƙanƙara ya ɗaga fayafan. Bai ɗaga ba. An duba ko jinin yana tsiyayewa baya ta bakin jijiyoyin hagu zuwa cikin ƙirji, aka matse ta hannun hagu, lambar ta ɗan motsa kaɗan. Sai aka saka bututu na biyu kai tsaye cikin jijiyar wuya ta hagu, lambar ta tashi. Da faifai ɗaya aka manna, ko kuma ba a manna ba, da ba wanda zai san rabin ƙwaƙwalwa yana cikin yunwa sai an zo tayar da majinyaci.

Akwai wata hanya ta Ueda, shi ma daga Japan, ta tura jini ta baya ta babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai, da matsin da bai wuce 25 ba. Tana riƙe sanyi tana wanke iska da ɓarɓashi, amma abincin da take kai wa ƙwayoyi kaɗan ne, ba za ta ɗauki aikin awa guda ba. Nasarar tura jini ta gaba ce ta sa cibiyoyi da yawa yanzu suke tsayawa a digiri 24 zuwa 28 maimakon 18. Hakan yana rage zubar jini da tsawon zama kan injin, sai dai laka da ƙoda da hanji ba sa cikin waɗanda ake ba jinin, kuma a digiri 28 haƙurinsu gajere ne. A aiki irin wannan da ya yi tsawo ba zato, sanyin da aka yi tun farko shi ya rufa wa laka asiri. Gangar jiki ta yi minti 52 ba jini.

Ɗumamawa

Da aka gama ɗinki aka fitar da iska, an mayar da jini ga jiki duka amma da sanyinsa, na wajen minti goma, kafin a taɓa ma'aunin zafi. Bayan tsayarwa jijiyoyin ƙwaƙwalwa sukan kasance a tsuke, kwarara ba ta dawowa da wuri. Idan aka ɗumama nan take, ci zai tashi ya bar kwarara a baya, ƙwaƙwalwa ta sake shiga yunwa alhali injin yana gudu kowa yana ganin an tsallake.

Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙirji da masu sa barci da masu kula da injin na Amurka suka fitar a 2015 a sarari suke. Ƙasa da digiri 30, bambancin jinin shiga da na fita kada ya wuce 10, domin iskar da ta narke a sanyi tana iya fitowa ta zama kumfa idan aka ɗumama da gaggawa. Daga 30 zuwa sama, bambancin kada ya wuce 4, saurin kada ya wuce rabin digiri a minti. Jinin da ke fita daga injin kada ya haura 37. Wannan na ƙarshe ne aka fi karyawa, saboda mafitsara tana nuna 33, dare ya yi, kowa ya gaji, sai a ɗaga ruwan don ta hanzarta. Ƙwaƙwalwa ce ke fara karɓar wannan jinin, kuma a lokacin ɗumamawa ma'aunin hanci yana nuna ƙasa da ainihin zafinta, wani lokaci da digiri ɗaya ko biyu. Hanci ya nuna 37.5, ƙwaƙwalwar da ta fito daga rashin jini tana iya kasancewa a 39. Grigore da abokansa a Duke sun nuna a 2002 cewa ɗumamawa a hankali ta fi kare tunanin majinyata.

An cire ƙanƙara, an mayar da iskar sa barci tun kafin a kai digiri 30, domin nan ne EEG ke farfaɗowa kuma nan ne majinyaci zai iya farkawa tsokarsa a sake ba wanda ya sani. Ana gwada sukari da fotasiyam kowane rabin awa, saboda insulin ɗin da bai yi aiki a sanyi ba yanzu yake kamawa. Ɗumamawar ta ci sama da awa guda. An sauka daga injin hanci yana 36.5, mafitsara 35.5, da bargon iska mai ɗumi a ƙafafu don rage faɗuwar zafi da ke biyowa idan jini ya ratsa tsokoki masu sanyi. An ba da furotamin, maganin da ke warware aikin hefarin, amma jini bai daina tsatsafowa ba sai da aka ƙara ƙwayoyin daskarar da jini da fibirinojin, sinadarin da jini ke daskarewa da shi. Sanyi da tsawon zama kan injin suna kashe ƙarfin daskarewa, kuma hawan jinin da ya faɗi saboda zubar jini a wannan awa ƙwaƙwalwa ce ke biyan kuɗinsa.

Kada wannan lamari ya sa a ɗauka sanyin da ke kama majinyaci a tiyatar yau da kullum alheri ne. Duk wanda aka sa barci yana rasa digiri ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awar farko, saboda jijiyoyin fata sun buɗe ɗumin ciki ya watsu, kuma abin da hakan ke jawowa shi ne zubar jini, ruɓar rauni, daɗewar magani a jiki da rawar ɗari mai cin oksijin. Ko a tiyatar ƙwaƙwalwa ma, babban gwajin da ya fito a 2005 a kan majinyata 1,001 masu fashewar kumburin jijiyar kai bai sami riba ba a sanyaya su zuwa digiri 33 idan aka kwatanta da 36.5.

A ɗakin kulawa ta musamman an hana zafin jikinsa wuce 37 na kwana biyu, da farasitamol da bargon sanyi idan ta kama, domin zazzaɓi bayan aikin injin abu ne da aka saba gani. An rage maganin barci bayan awa shida don gwaji: ya buɗe ido, ya matse hannu biyu, ya motsa ƙafa biyu. Ƙafafun ana duba su ne saboda laka. Kwana biyu yana ruɗewa da dare, ba ya gane inda yake, hoton kai bai nuna shanyewa ba, a kwana na huɗu ya dawo daidai. Irin wannan ruɗewa mai wucewa ana danganta ta da tsawon tsayarwa da shekarun majinyaci, kuma wasu masu ita sukan ci gaba da ƙaramin raunin tunawa, don haka aka sa masa gwajin riƙe abu a ka da ƙwarewar yatsu cikin abubuwan da za a duba idan ya dawo asibiti bayan mako shida, tare da hoton sauran awotar da maganin hawan jininsa.